Wankin darduma a garin Gadarif

Gadarif babban gari ne a gabashin ƙasar Sudan, kusa da iyakar Habasha. Tsakaninsa da birnin Hartum akwai kimanin kilomita 400. Garin ya yi suna wajen noman dawa da riɗi. Akwai Hausawa da yawa a wannan yanki. Kakannin waɗansu mahajjata ne da suka bi hanyar Makka a ƙasa. Na waɗansu kuwa sun yi hijira gabas a shekarar 1903, bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato.

Ƙasar Gadarif baƙar laka ce. Da damina takan sha ruwa ta kumbura, ta yi danƙo, har mota ta kafe a cikinta. Da rani kuma ta bushe ta daddare. Iska takan kwashi ƙurarta ta kai cikin ɗakuna da masallatai, ta zuba bisa tabarmi da dardumomi.

Darduma iri-iri ce. Mafi tsada ita ce wadda ake saƙawa da hannu a ƙasashen gabas, kamar Iran da Turkiyya. Da gashin tumaki ake yin ta. Masaƙa sukan ja zare a tsaye, su riƙa ɗaura gashin a jikinsa ƙulli bayan ƙulli, sa'an nan su daidaita bakinsa da almakashi. A darduma mai kyau, wurin da bai wuce faɗin farce ba yana iya ɗaukar ƙulli 30 ko fiye. Shi ya sa saƙar guda ɗaya takan ci watanni.

Gashin nan yana tsaye ne kamar shuka a gona. Idan ƙura da rairayi suka faɗa masa, sai su gangara can gindin ƙulli su ɓuya. Tsintsiya sama kawai take sharewa. Rairayi kuwa yana da kaifi. Duk sa'ad da aka taka darduma, sai ya goge gashin, yana yanka shi kaɗan-kaɗan. A kwana a tashi, gashi ya zube, zare ya fito fili.

Wanda bai san aikin ba, da ya ga darduma ta yi dauɗa sai ya kwara mata ruwa. Wannan babban kuskure ne. Ruwa yakan mai da ƙurar laka taɓo. Taɓon ya manne a gindin ƙulli, in ya bushe ya yi tauri kamar tubali. Ga asarar ruwa da sabulu, ga darduma ta lalace.

Ƙwararren mai wanki ba ya taɓa ruwa sai ya fitar da busasshiyar ƙasa tukuna. Da farko yakan duba dardumar, ko akwai yagewa ko inda asu ya ci. Idan akwai, sai a ɗinke wurin, don kada bugu ya ƙara yaga shi. Bayan haka ya fitar da ita fili, ya rufe hanci da baki da ƙyalle, domin ƙura tana kawo tari. Sai ya kifa ta bisa ragar ƙarfe ko jerin sanduna, yadda za a sami sarari a ƙarƙashi. Ta baya ake bugunta, da sanda mai santsi, a hankali, daga wannan gefe zuwa wancan. Bugun yana buɗe gashin, ƙasa ta riƙa zubowa. Sai a ɗaga darduma, a share abin da ya zubo, a sake kifa ta a ci gaba. Haka za a yi ta yi har a buga a ga babu abin da ya faɗo. A manyan birane akwai injin da ke yin wannan bugu, da wanda ke hura iska mai ƙarfi, da wanda ke zuƙe ƙura.

Sai an gama wannan ne ake wanki. Mai wanki yakan jiƙa farin ƙyalle ya danna a kan kowane launi, ya ga ko rinin yana zuba. Idan ba ya zuba, sai ya wanke da ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi, ya ɗauraye sosai. A inuwa ake shanya, inda iska ke kaɗawa, don rana mai zafi tana kashe launi. Darduma da aka kula da ita haka, uba yakan bar wa ɗa, ɗa ya bar wa jika.

Gwaji

Ku samo ƙyalle biyu, ku barbaɗa musu garin laka. Ku kakkaɓe na farko kafin ku wanke shi. Na biyu ku tsoma shi a ruwa kai tsaye. Wanne ya fi fita? Wanne ya fi cin ruwa?

Tambayoyi

1. A wace ƙasa Gadarif take?
2. Ina ƙura take ɓuya a jikin darduma?
3. Don me ba a fara sa ruwa?
4. Yaya mai wanki yake gane ƙasa ta gama fita?