Laima: Daga Kan Sarki Zuwa Kan Mai Sayar Da Kati A Madarunfa

Duk wanda ya bi hanyar Maraɗi zuwa Jibiya ta Ɗan Isa, a gundumar Madarunfa, zai ga laimomi a gefen titi kafin ya ga shaguna. Ƙarƙashinsu akwai mai sayar da katin waya, mai cajin waya, mai mangwaro, wani lokaci har da mai fetur a kwalba. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wannan 'yar inuwa ita ce shagon matashin da ba shi da kuɗin haya.

Da can ba haka abin yake ba. Kalmar kanta daga Larabci ta zo, "al-khaima", wato tanti, kuma shekaru aru-aru laima kayan sarauta ce. Zane-zanen tsohuwar Masar da Assiriya sun nuna bayi riƙe da ita a kan sarakuna. Ibn Battuta, da ya ziyarci daular Mali a 1352, ya ba da labarin laimar alharini da ake ɗaga wa Mansa Sulaiman, da tsuntsun zinariya a samanta. Har yau a hawan sallah, a Katsina ko a Maraɗi inda zuriyar sarakunan Katsina na Haɓe suka kafa gari bayan jihadi, mai kallo daga nesa laima yake nema idan yana son sanin inda sarki yake. Talaka kuwa malafa ya sani, wadda ake saƙawa da kaba.

Turawa ma ba su karɓe ta da sauƙi ba. A Landan, wajajen 1750, an riƙa yi wa Jonas Hanway ba'a saboda yawo da laima, don a ganinsu abin mata ne. Ƙarfe ne ya sauko da ita ƙasa: a 1852 Samuel Fox ya fito da ƙashin laima na siririn ƙarfe maimakon na kifin teku mai nauyi, sannan Bajamushe Hans Haupt ya ƙera mai naɗewa a ƙarshen shekarun 1920. Yanzu mafi yawan waɗanda ke kasuwanninmu daga China suke.

Sai dai araha na da nata tsada. Iskar farkon damina da ke tasowa kafin ruwa ba ta barin laima mai raunin ƙashi, kuma idan ta karye, ba inuwa kaɗai aka rasa ba, cinikin ranar ne ya tafi. Shi ya sa ake ganin masu sana'a suna dasa sandarta cikin tsohuwar taya ko bokitin siminti, suna ɗaure ƙashin da waya. Manyan laimomi masu tambarin Airtel ko Moov sun fi juriya, amma mai zama ƙarƙashinsu yana yi wa kamfani talla ne tun safe har magariba.