Man Bagamot da Rana Ba Sa Ga-Maciji

Wata Asabar muna shirin tafiya yinin biki, ƙanwata ta ɗauko wata 'yar kwalba mai ruwan ƙasa, ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, tsarabar da ƙawarta ta kawo mata. Ta ɗiga a tafin hannu, ta murza, ta shafa a wuya da bayan kunne kamar yadda ta saba yi da humra. Nan take ɗaki ya ɗauki ƙamshi, wani abu tsakanin lemun zaƙi da fure, da ɗan ɗaci-ɗaci a ƙarshensa. Kowa ya yaba. A ƙarƙashin rumfa aka yi yinin, rumfar kuwa ba ta ishi jama'a ba, sai ga ta tana kai-kawo da kulolin abinci cikin rana tun azahar har la'asar.

Washegari da yamma ta shigo tana cewa, "Yaya, dubi wuyana." Wurin ya yi ja, yana raɗaɗi kamar an watsa mata ruwan zafi. Bayan mako guda jan ya lafa, ya bar baƙin tabo, har da 'yar jela inda man ya gangaro. Inna ta ce kambun baka ne, an ga kwalliya. Watanni ta yi tana naɗe wuya da mayafi kafin tabon ya dushe. Sai da na karanta ɗan rubutun da ke jikin kwalbar na gane mai laifin: Bergamot, wanda a bakinmu ya koma bagamot.

Bagamot ɗan gidan su lemo ne. Girmansa kamar lemun zaƙi, launinsa kore ne, in ya nuna ya koma rawaya, ruwansa kuwa ga tsami ga ɗaci, ba mai ɓare shi ya sha don marmari. Arzikinsa a ɓawo yake. Mafi yawan man da ake sayarwa a duniya daga wani siririn yanki yake fitowa a gaɓar teku a Kalabiriya, can ƙarshen kudancin Italiya, kewayen birnin Rejiyo. Ana noma shi kuma a Kodebuwa, sai dai bai kama ƙafar na Italiya ba wajen yawa da suna. Cikin hunturu ake tsinkarsa, daga Nuwamba zuwa wajen Maris. A da da soso ake tatsar man: mutum ya zauna yana matsa ɓawo a jikin soso, in ya jiƙe ya matse shi cikin kasko. A 1844 wani mutumin Rejiyo, Nicola Barillà, ya ƙera injin da ke kankare ɓawon, aikin ya yi sauri. Har yau a sanyaye ake fitar da shi, ba a dafawa. 'Ya'ya ɗari ba sa ba da abin da ya wuce giram 85 ko makamancin haka, shi ya sa na ainihi yake da tsada.

Da yawanmu mun san ƙamshinsa ba mu san sunansa ba. Duk wanda ya taɓa shan shayin Earl Grey, wanda aka raɗa wa sunan firayim ministan Birtaniya na shekarun 1830 zuwa 1834, ƙamshin bagamot ya ji. Haka turaren kolon da Johann Maria Farina ya fara haɗawa a birnin Kolon na Jamus a 1709, bagamot na cikin jigoginsa, kuma har gobe da wuya ka buɗe turaren Turawa ba ka ci karo da shi ko kwaikwayonsa ba a ƙamshin farko da ke bugun hanci.

To me ya ƙona wuyan ƙanwata? A cikin man da aka matso akwai wani sinadari, bagaftin. Shi kaɗai a fata ba ya yin komai. Amma da zarar hasken rana ya sauka a kansa sai ya farka, ya lalata ƙwayoyin fatar wurin, ita kuma fata ta mayar da martani da ja, wani lokaci har da ƙuraje masu ruwa, daga baya ta tara baƙi. Likitocin fata a Turai sun san wannan tun 1916, a 1925 kuma suka ba shi suna daga kalmar da ke nufin abin wuya mai lilo, saboda tabon yakan fito a wuyan mata da siffar ɗigon turaren da ya gangara. Abin dariya, ko na takaici, shi ne an taɓa zuba wannan sinadari da gangan cikin man da Turawa ke shafawa don fatarsu ta yi duhu a bakin teku, sai a 1995 Tarayyar Turai ta ƙayyade shi a irin waɗannan kaya har ya zama kusan babu.

Mu da ke zaune inda rana ba ta hutu, maganar ta fi shafar mu. Kada wani ya ce ai baƙar fata ba ta ƙonewa. Jan ne ba ya fitowa sosai a idon mai kallo, amma tabon da ke biyo baya ya fi duhu a jikinmu kuma ya fi daɗewa. Irin wannan sinadari yana cikin lemun tsami ma, don haka masu goga shi a fuska don neman haske sannan su fita kasuwa su ma su ji.

Ba ina cewa a jefar da kwalbar ba ne. Tana nan a gidanmu, ni ma ina amfani da ita. Abin da na fahimta dai shi ne man bagamot na hanci ne da ɗaki kafin ya zama na jiki.

Hanya mafi sauƙi ba ta buƙatar sayen komai. Ɗigo ɗaya ko biyu a ƙullin auduga, a ajiye a gefen gado ko kan tebur, ba a jikin matashin da fuska za ta kwanta a kai ba. Mai na'urar da ke fitar da tururin ƙamshi ya zuba ɗigo uku zuwa biyar a ruwanta, ya kunna rabin awa ya kashe, taga a ɗan buɗe. Wanda ba shi da ita, kwanon ruwan zafi ya wadatar. Abin da ba ya yi shi ne garwashi. Mun saba da kaskon turaren wuta, hannu yana saurin kai komai can, amma wannan mai ba icen sandal ba ne. Yana kama wuta, kuma ƙamshinsa mai saurin tashi ne, kafin ka juya ya ƙone ya bar ƙauri.

Ana yawan cewa yana kwantar da hankali, kuma maganar ba ta rasa tushe. A wani bincike da aka wallafa a 2015, an sa mata 41 a Japan sun shaƙi tururinsa na minti 15, aka ga sinadarin kotizol, wanda jiki ke yawaita fitarwa lokacin damuwa, ya ragu a yawunsu. Amma mata 41 da minti 15 ba su isa a ɗora musu abin da 'yan talla ke ɗorawa ba. Mutum ya dawo daga aiki a gajiye, ya yi wanka, ya zauna a ɗaki mai daɗin ƙamshi, ya ji sanyi a ransa, wannan gaskiya ne kuma ba ƙaramin abu ba ne. Wanda kuwa baƙin ciki ya hana shi barci da cin abinci makonni, likita yake buƙata, ba kwalba ba.

A harkar gida ya fi nuna kansa, musamman da damina, lokacin da akwati da durowar kaya ke fitar da warin gumi-gumi na sanyi. Audugar nan mai ɗigo biyu, a sa ta cikin ɗan ƙyalle a cusa a lungu, kada ta taɓa tufafi, domin man yana da ɗan launin kore kuma yakan bar shaida a farar shadda. Takalmi sau-ciki da kwandon shara kuwa, a gauraya ɗigo biyar da rabin kofin bekin soda a barbaɗa, a bari ya kwana. Na fesa ɗaki, sai a samu kwalbar fesawa ta gilashi mai cin mililita 100, a fara zuba cokali biyu na sifirit, a ɗiga man kamar sau goma sha biyar, a girgiza, sannan a cika da ruwa. Sifirit ɗin ne ke sa man ya bazu, don mai da ruwa ba sa haɗuwa. Wanda ba ya son sifirit ya yi da ruwa zalla, amma ya haɗa kaɗan, ya girgiza kafin kowace fesawa, ya ƙarar cikin 'yan kwanaki. A ruwan goge daɓe ma ɗigo huɗu ko biyar cikin sabulun ruwa sun isa bokiti. Ƙamshi zai bayar, ba zai maye gurbin maganin kashe ƙwayoyin cuta na banɗaki ba. A kuma kiyaye shi da katako mai sheƙi da roba, yana cin su.

Gidan da ke da jariri ko mai asma, a yi nesa da su da tururin. Haka mai kyanwa, domin hantar kyanwa ba ta iya sarrafa irin waɗannan mayuka kamar tamu.

Sai fata, inda aka fi son kai shi kuma aka fi yin ɓarna. A nan lissafi ake yi, ba a zuba da ido. Ƙungiyar masu haɗa turare ta duniya ta sa iyakar man da aka matso a kashi 0.4 cikin ɗari ga duk abin da za a shafa a bari a jiki. A ma'aunin kicin, ɗigo biyu ke nan cikin cokali biyu na cin abinci na man kwakwa, ko man zaitun, ko narkakken man kaɗanya. Biyu, ba biyar ba, ba "ɗan ƙara kaɗan don ya ji" ba. In aka wuce haka, wurin da aka shafa kada ya ga rana har awa 12. Shi ya sa ni nake ce wa mutanen gidanmu su ɗauke shi man dare, na tausar ƙafa da kafaɗa bayan isha'i.

Akwai mafita ga mai son sa a jiki da rana. Ana sayar da wanda aka cire wa bagaftin, a jikin kwalbarsa za a ga haruffan FCF. Shi ba ya faɗa da rana, ana iya kai shi ɗigo shida cikin cokali biyun nan. Masu haɗa humra da turaren jiki na sayarwa, wannan ya kamata su nema, domin ba su san inda mai saye za ta shafa ba, balle inda za ta yini. Ko da wanne ne, a fara gwadawa a cikin dantse, a jira kwana ɗaya. Kada ya je kusa da ido, ko kan rauni, ko fatar da man bilicin ya riga ya cinye. Masu ɗiga shi tsagwaronsa a kan ƙurajen fuska suna musayar ƙurjin kwana uku da tabon wata shida. A ruwan wanka ma ba a ɗiga shi kai tsaye, zai taso ya yi iyo a sama ya manne wa jiki da cikakken ƙarfinsa. A fara kwaɓa shi da sabulun ruwa tukuna. Mai ciki da mai shayarwa su tambayi likita ko ungozoma kafin su shafa.

Sha kuwa, a'a. Na ji masu cewa a ɗiga a shayi yana rage kitsen jini. An cakuɗa zance ne: binciken da ake yi kan kitsen jini a kan sinadaran ruwan 'ya'yan da tsokarsu ake yin sa, ba man ɓawo ba. Ɗan abin da ke cikin ganyen shayi kuwa an auna shi a masana'anta, kuma ko shi yana da iyaka. A 2002 mujallar likitoci ta Lancet ta kawo labarin wani mutum ɗan shekara 44 a Ostiriya da ke shan lita huɗu na shayin Earl Grey kullum, har jijiyoyin ƙafafunsa suka riƙa ɗaurewa. Da ya rage sha abin ya tafi. In yaro ya haɗiyi man, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, a kai shi asibiti da kwalbar a hannu.

Wajen saye, araha ba ta ado. Man bagamot na cikin waɗanda aka fi yi wa algus, a haɗa sinadaran masana'anta da man lemo mai arha a liƙa masa suna. A duba sunansa na kimiyya, Citrus bergamia, da ƙasar da ya fito, a kuma tabbatar kwalbar gilashi ce mai duhu. Wanda aka shanya a tire cikin rana, ko na gaske ne ya riga ya tashi daga aiki. Iska da zafi suna sauya shi, tsohon mai kuma ya fi sabo saurin jawo ƙaiƙayi. A rufe shi gam, a rubuta ranar da aka buɗe, a sa a firij in akwai, ko lungu mafi sanyi a ɗaki inda hannun yara ba ya kai. Ya shekara a buɗe a irin zafinmu, a mayar da shi na goge daɓe.

Ƙanwata har yanzu tana son ƙamshin, sai dai yanzu a gefen mayafi take ɗiga shi, can wajen da ba ya taɓa wuya. Ke ma da kike da irin wannan kwalba a gaban madubi, juya ta ki karanta kafin bikin Asabar. In ba ki ga FCF ba, ki bar ta sai dare.