Waƙafin Sama Da Sunayen Masu Sarauta

Duk wanda ya taso daga Jakara, ya ratsa Kasuwar Kurmi ya nufi Gidan Rumfa, zai ɓulla kan titin da ake kira Emir's Palace Road da Turanci. A cikin sunan nan akwai wata 'yar alama, waƙafin sama, wadda ta daɗe tana kayar da akawuna da 'yan makaranta.

Dalilin wahalar a fili yake. A rubutun Hausa alamar nan harafi ce, kamar a jama'a da 'ya'ya, mallaka kuwa da harafin n ko r ake nuna ta, wato gidan Sarki, fadar Sarki. Turanci ya sha bamban, domin mai abu shi ke zuwa da fari, a liƙa masa alamar tare da harafin s.

Inda gizo ke saƙa shi ne idan suna ya zo da sarauta. Ka'idar ita ce a ɗauki sunan da sarautar dunƙule guda, a sa alamar a ƙarshe. Fadar Sarkin Kano ita ce the Emir of Kano's palace. Wanda ya rubuta the Emir's of Kano palace ya yi kuskure. Zamanin marigayi Alhaji Ado Bayero, daga 1963 zuwa 2014, shi ne Alhaji Ado Bayero's reign. Ko da lamba ta biyo suna haka abin yake: ziyarar Sarauniyar Ingila a Kano cikin 1956 ita ce Queen Elizabeth II's visit.

Sai kuma a kula da tilo da jam'i. King's College ta Ikko, wadda aka kafa a 1909, ta Sarki guda ce, shi ya sa alamar ta riga s. Makarantar 'yan mata kuwa Girls' School ce, alamar na bayan s. Akawun da ya rubuta Emirs' Palace ya zaunar da sarakuna da yawa a fada guda ke nan, wannan kuwa ba ƙaramar katoɓara ba ce a takardar da za ta je gaban hukuma.

Idan sunan ya yi tsawo har ya rikita mai rubutu, akwai mafita: ya juya jimlar ya ce the palace of the Emir of Kano. Wannan tsari ya bi sahun na Hausa, kuma ba mai jarrabawar da zai ja masa jan layi.