Yadda ake yanke sawun GPS daidai yankin da ake buƙata

Wayar da ke aljihunka, in ka ba ta dama, tana iya rubuta inda kake duk bayan daƙiƙa ɗaya. A awa guda ɗigo 3,600 ke nan, a yinin aiki na awa takwas kuwa 28,800. Kowane ɗigo yana ɗauke da latitud da lonjitud, da tsayin wurin daga doron teku, da lokacin da aka taka shi. Jerin waɗannan ɗigogi, ɗaya bayan ɗaya, shi ne sawun GPS.

Sai dai na'ura ba ta san abin da ya fitar da kai daga gida ba. Malamin gona da aka tura auna gonaki a gunduma ɗaya zai dawo da fayil mai ɗauke da ƙofar gidansa, da tashar mota, da teburin mai shayi, da masallacin da ya tsaya sallar azahar, sannan gonakin. Wanda ya aike shi gonakin kaɗai yake so. Haka abin yake a aikin rigakafin shan-inna a jihohin Arewa, inda tun farkon shekarun 2010 aka riƙa bai wa ayarin ma'aikata wayoyi masu ɗaukar sawu, a dawo a ɗora sawun a kan taswirar ƙauyuka da unguwanni don a ga inda aka shiga da inda aka tsallake. Sawun duka ba ya amsa wannan tambaya sai an ware abin da ya faɗa cikin iyakar kowane gari.

Lokacin da ya fi dacewa a yi wannan tacewa shi ne lokacin sauya fayil daga wani tsari zuwa wani, domin dama sai an bi ɗigogin ɗaya bayan ɗaya an sake rubuta su. Tsare-tsaren kuwa suna da yawa. Akwai GPX, wanda kamfanin TopoGrafix na Amurka ya fitar a 2002, aka sabunta shi a 2004, kuma shi ne kusan kowace manhaja take karantawa. Akwai KML na Google Earth, wanda asalinsa na kamfanin Keyhole ne kafin Google ya saye shi a 2004. Agogunan Garmin suna rubuta FIT, masu taswirar intanet sun fi son GeoJSON, ma'aikacin ofis kuma CSV yake nema don ya buɗe a Excel. Manhajar da ta yi suna wajen haɗa waɗannan ita ce GPSBabel, wadda Robert Lipe ya fara a farkon shekarun 2000, kyauta ce, kuma aikinta hawa uku ne: ta karanta, ta tace, ta rubuta.

Ana iya shata yankin ta hanyoyi kaɗan. Mafi sauƙi a ba da lambobi huɗu, iyakar arewa da kudu da gabas da yamma, duk ɗigon da ya fita daga wannan akwati a zubar. Ko a ba da tsakiya da nisa, a samu da'ira. Ko a ba da hanya a ce a bar abin da bai wuce mita kaza daga gefenta ba. Amma iyakar ƙaramar hukuma ko gona ba akwati ba ce, ba kuma da'ira ba, don haka aiki na gaske yakan buƙaci shinge mai kusurwoyi da yawa, a jera lambobin kusurwoyin a fayil, na ƙarshe ya zama daidai da na farko don shingen ya rufe. Dabarar da kwamfuta ke bi ta gane ko ɗigo yana ciki tana da ban sha'awa: ta ja miƙaƙƙen layi daga ɗigon zuwa can waje, ta ƙirga sau nawa ya ratsa shingen. In sau ɗaya ne, ko uku, ko biyar, ɗigon yana ciki. In sau biyu ne, ko huɗu, ko bai ratsa ba sam, yana waje. Kowace tacewa kuma ana iya juya ta, a ce a zubar da na ciki a bar na waje.

Har nan babu wuya. Wahalar tana bakin yankan.

A tsarin GPX abu uku ake ajiyewa: wuraren da aka yi wa alama, hanyar da aka tsara bi, da sawun da aka bi a zahiri. Matatan yanki na GPSBabel, na da'ira da na shinge, an gina su ne don wuraren alama, shi ya sa mutum zai ba su sawu ya ga fayil ya fito yadda ya shiga, ya yi ta zargin kansa. Hanyar da aka saba bi ita ce a mayar da ɗigogin sawun su zama wuraren alama, a tace, sannan a sake mayar da su sawu. To amma sawu kamar carbi yake, amfaninsa yana cikin jerinsa. In ka zare 'ya'ya talatin daga tsakiya ka sake ɗaure zaren, na goma zai manne da na arba'in da ɗaya kamar dama can maƙwabta ne. Mutumin da ya fita daga gunduma ta gabas, ya yi awa biyu a waje, ya dawo ta yamma, taswira za ta nuna shi ya keta gundumar a miƙe, ta kan gidaje da kududdufi, a hanyar da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba. Wannan layin ƙarya yana shiga lissafin nisa, yana ɓata lissafin gudu, kuma a aikin duba inda ma'aikata suka shiga zai iya shaida cewa an ratsa unguwar da ba a leƙa ba. Maganinsa shi ne bayan tacewa a sa manhaja ta tsinka sawun gida-gida a duk inda tazarar lokaci ko ta nisa tsakanin ɗigo biyu ta wuce ƙima.

Daga nan ne jerin aikin yake da muhimmanci. Tsinkawa da lokaci ba ta yiwuwa sai lokacin yana nan, alhali layin KML na gama-gari lambobin wuri kawai yake riƙewa, ba ya ajiye lokacin kowane ɗigo. Wanda ya fara sauyawa zuwa irin wannan KML sannan ya zo tacewa ya riga ya zubar da abin da zai gyara aikin da shi. Haka ma rage yawan ɗigogi don fayil ya yi sauƙi: a bar shi sai ƙarshe. Matatar da'ira ta GPSBabel ma tana da nata hali biyu da ya kamata a sani. Tana jera abin da ta tace bisa kusancinsa da tsakiya sai an hana ta da umarnin nosort, kuma in ba a rubuta K bayan lambar nisa ba, mil take ɗauka maimakon kilomita.

Akwai kuma akasin layin ƙarya. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa, in na'urarta duk minti biyu take ɗaukar ɗigo, tsakanin ɗigo da ɗigo kilomita biyu ne. Za ta ratsa ƙaramin ƙauye ta tsakiyarsa ba ta bar ko ɗigo ɗaya a ciki ba, matata kuma ta ce ba ta zo ba. Sannan waya a fili, babu gini babu itace, kuskurenta yakan kai kusan mita biyar. Wanda ya bi gefen gona da ƙafa, rabin ɗigoginsa za su faɗa ciki, rabi waje. A ganina duk shingen da za a tace sawu da shi gara a faɗaɗa shi da 'yan mitoci tun farko.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa kuwa na jerin lambobi ne. Mutane sun saba faɗin latitud kafin lonjitud, amma KML da GeoJSON lonjitud suke sawa a gaba. Birnin Kano yana wajen digiri 12 arewa, 8.5 gabas. Juya lambobin nan biyu, sai ka tsinci kanka kusa da Ganye a jihar Adamawa, fiye da kilomita 500 daga inda kake nufi. Shingen da aka juya haka ba ya kawo saƙon kuskure, fayil ne kawai zai fito wayam. Tsofaffin taswirorin safiyo na Nijeriya ma suna da nasu tarko, domin a kan ma'aunin Minna aka zana su, GPS kuwa da WGS 84 yake aiki, kuma bambancinsu yakan kai gomman mitoci a ƙasa. A iyakar jiha wannan ba komai ba ne. A iyakar gona rigima ce.

Dalili na biyu na tace sawu shi ne sirri. A Nuwamban 2017 kamfanin Strava, mai manhajar masu gudu da tseren keke, ya wallafa taswirar duniya da aka haɗa daga sawun masu amfani da shi. A Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya, Nathan Ruser, ya lura cewa a wuraren da babu kowa sai hamada akwai zobba masu haske: sojoji ne ke motsa jiki suna zagaya sansanoninsu. Aka gano irinsu a Afghanistan da Siriya da Jibuti, har da arewacin Jamhuriyar Nijar. A Agustan shekarar ma'aikatar tsaron Amurka ta hana dakarunta da ke fagen aiki kunna irin waɗannan na'urori.

Talaka ba shi da sansani, amma yana da gida, kuma sawu yakan fara ne daga ƙofar gida ya ƙare a can. Mafi yawan mutane sai su zana da'ira a kan gidan su zubar da abin da ke ciki. Wannan bai wadatar ba. Duk sawun da aka yanke haka a bakin da'irar yake tsayawa, kuma ɗigo uku a bakin da'ira sun isa a gano tsakiyarta, lissafin 'yan sakandare ne. Masu bincike a Jami'ar Illinois sun nuna haka a 2018 a kan manhajojin motsa jiki. Wanda zai ɗora sawunsa a OpenStreetMap, ko ya tura wa wata ƙungiya, gara ya yi amfani da shinge marar tsari wanda gidan ba ya tsakiyarsa, ya haɗa da unguwar duka, ko kuma ya bar kunna na'urar sai ya hau babban titi.

Mai karatu, in aiki ya haɗa ka da irin wannan fayil, ka ajiye na asali a gefe kada ka taɓa shi, ka yi tacewarka a kan kwafi. In ka gama, kafin ka tura wa kowa, buɗe shi a Google Earth ko QGIS ka duba da idonka: ko sawun yana garin da ya kamata, ko akwai miƙaƙƙen layin da ya keta inda babu hanya, da kuma inda ɗigon farko da na ƙarshe suka tsaya.