Ciwon Baya Da Direbobin Manyan Motoci

A Idu, unguwar masana'antu ta Abuja, manyan motoci ba sa yankewa. Amma direban da ya wuni bisa kujera, mota na jijjiga shi, kwankwasonsa ne ke shan wuya.

Likitoci sun ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya kan goce, ya danne babbar jijiyar da ta gangara ƙafa. Sai zogi da kasala su kama ƙafar, ga shi kuwa da ita ake taka birki.

Galibi ciwon kan lafa cikin mako 4 zuwa 6. Abin da ya kamata shi ne direba ya riƙa tsayawa bayan kowace awa 2, ya ɗan taka, ya kuma guji Tramadol, domin yana kawo gyangyaɗi. Amma in ƙafa ta mutu, ko fitsari ya riƙa kuɓucewa, to, a garzaya asibiti nan take.