BABI NA UKU: KIWO DA CIYAR DA KAJIN ADO A SIFAWA

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin garin Sifawa da ke ƙaramar hukumar Boɗinga, garin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a shekarar 1815. Wannan babi kuwa zai dubi kiwon kajin ado, wato kajin da ake ajiyewa domin kyan surarsu da shiga gasa. Bahaushe ya ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta, amma kazar ado ta saɓa wa wannan magana, domin darajarta tana ga gashinta da tsayuwarta, kuma da zarar an sa mata wuƙa an yi hasara.

3.1 Ire-iren Kajin Ado

Tun fil azal Hausawa suna ware wasu kaji saboda kamanninsu, kamar fingi mai tattasasshen gashi, da durgu mai gajerun ƙafafu, da wake-wake, da mai tukku. Daga cikin baƙin kaji kuwa akwai Burahma, wadda aka samar a Amurka daga manyan kajin da aka kai can daga Shanghai ta ƙasar Sin. Zakaranta kan kai kilo 5 ko fiye, kuma gashi ya rufe masa ƙafafu har zuwa yatsu. Akwai kuma Silki mai gashi kamar auduga, da baƙar fata, da yatsu biyar a maimakon huɗu.

Ita gasar kaji ta samo asali ne daga Turai da Amurka. An gudanar da ita a Landan a shekarar 1845, sannan a Boston a 1849. A shekarar 1874 ƙungiyar masu kiwon kaji ta Amurka ta wallafa ƙa'idojin da alƙalai ke bi wajen auna girma da launi da tsayuwar kowane iri.

3.2 Abinci

Kazar Hausa takan wuni tana tono, da maraice a watsa mata tsaba ta wadatu. Kazar ado ba ta jure wannan, saboda mafi yawan abin da ya haɗa gashin kaza sinadarin furotin ne, alhali gero da dawa da dusa ƙarfi suka fi bayarwa. Idan furotin ya yi ƙaranci sai gashi ya dushe, ya riƙa karyewa, wani lokaci ma kajin su shiga fizgar gashin juna.

Kwai yakan ƙyanƙyashe bayan kwana 21. Daga nan zuwa mako takwas 'yan tsaki na bukatar abinci mai furotin kimanin kashi 20 cikin 100. Bayan haka sai a sauko zuwa kimanin kashi 16. Mai kiwo a Sifawa yana iya haɗa wannan da abin da ke kusa da shi: masara ko dawa, da ƙuli-ƙuli, da waken suya wanda aka gasa, da garin kifi, da ɗan ganyen zogale. Wajibi ne a gasa waken, domin ɗanyensa yana hana narkewar abinci. Haka kuma tsohuwar dabarar nan ta kama gara a cikin tukunya a ba 'yan tsaki tana da amfani ƙwarai, saboda gara furotin ce. Kaza mai ƙwai kuma a ƙara mata garin ƙashi. Sai dai a guji ƙuli-ƙuli ko masarar da ta yi fumfuna, domin gubarta tana lalata hanta.

3.3 Muhalli da Lafiya

Babbar matsalar wannan kiwo a ƙasar Boɗinga da Shagari ita ce zafin bazara, wanda kan haura digiri 40. Kaza ba ta gumi, sai dai ta buɗe baki tana haki, ga Burahma kuma da kaurin gashi irin na ƙasashen sanyi. A wani gida da mai wannan bincike ya ziyarta, an sayo zakaran Burahma da tsada aka rufe shi a akurkin kwano a watan Afrilu, bai kwana uku ba ya mutu. Saboda haka ya kamata ɗakin kaji ya kasance a inuwa, mai rufin ciyawa da wadatar iska, a riƙa ba su ruwan randa, abinci kuwa da sassafe da yamma. A shimfiɗa ɓuntun shinkafa busasshe don kada gashin ƙafa ya ɓaci, a kuma tanadi toka da rairayi domin birgima.

Da hunturu kuma cutar Niyukasil takan share kajin gari. Ba ta da magani sai rigakafi, wanda Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom take samarwa. Duk kazar da aka sayo daga kasuwa, ko ta dawo daga wurin gasa, a keɓe ta aƙalla mako biyu.

3.4 Shirin Shiga Gasa

Idan gasa ta gabato, akan yi wa kaza wanka da ruwan ɗumi kwana biyu ko uku kafin ranar, domin maiƙon gashinta ya dawo. Akan yanke mata farce, a shafa ɗan mai a tsoro da ƙafafu, a kuma sabar mata da hannun mutane don kada ta firgita a gaban alƙali. Masu farar kaza sukan rage mata jar masara da zama cikin rana, gudun kada farinta ya koma rawaya.

3.5 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa kuɗi na sayo irin kaza ne kawai, amma kyanta yana samuwa daga abinci da inuwa da rigakafi. Babi na gaba zai dubi cinikin waɗannan kaji da sunayen da masu kiwo suke laƙaba musu.