Akwatin Lantarkin Mota: Kada A Saya Sai An Tabbatar Da Laifinsa

Jama'a, a makon nan za mu ɗan jingine maganar taki da iri, mu taɓa maganar mota, domin yanzu ita ce jakin manomi da ɗan kasuwa. Wanda ya noma tumatir a Ajiwa ko Jibiya, ko ya sari gero a kasuwar Mashi ko Caranci, in motar da za ta kawo kayansa birnin Katsina ta ƙi tashi, wahalarsa ta shekara ce ta shiga haɗari. Tumatir kuwa ba ya jiran makaniki.

Dattawa sun san Peugeot 504, wadda a da a ke haɗawa a Kaduna, a masana'antar da ta fara aiki cikin 1975. A cikinta waya kan tashi daga makunni ta zarce zuwa fitila. In fitila ta mutu, mai wayarin ya bi waya da ido ya gano inda ta tsinke. Motocin yanzu, irin na Kwatano da su ka cika tashoshinmu, ba haka su ke ba. Akwai wani ɗan akwati a tsakani, bai fi tafin hannu biyu ba, wanda Turawa ke taƙaita sunansa da BCM, kamfanin Peugeot kuma ya ke kiran nasa BSI. Galibi yana ɓoye a ƙarƙashin sitiyari, ko wajen ƙafar mai zaman gaba, kusa da akwatin fis.

Aikinsa kamar na magatakarda ne. Direba ya taɓa makunni, saƙo ya je wurinsa, shi kuma ya ba da umurni ga fitilu, da sigina, da waifa, da oda, da gilasan ƙofa, da makullai. A wasu motoci har da tantance mabuɗi, watau in bai yarda da mabuɗin ba, inji ba zai tashi ba. A lura, ba shi ne ƙwaƙwalwar inji ba. Wannan dabam ta ke, ita ke kula da mai da wuta, ko da ya ke a gareji a kan kira su duka biyu da suna ɗaya.

Alamun ciwonsa

In ya sami matsala, abubuwa da yawa ne ke rikicewa tare. Waifa ta riƙa tashi da kanta, fitila ta ƙi mutuwa bayan an zare mabuɗi, ƙofofi su kulle su buɗe ba wanda ya taɓa su, batir mai kyau ya kwana ya wayi gari ba wuta. Amma in abu ɗaya ne tak ya tsaya, kamar gilashin ƙofa guda, da wuya a ce laifin akwatin ne.

To, ga inda a ke asara. Duk alamun nan, raunin batir ma yana kawo su, haka sakakkiyar waya. Mai mota ya sayar da buhunan masara ya aika Kofar Ruwa a Kano a sayo akwati, a ɗaura, ciwo yana nan inda ya ke. Saboda haka ga matakan da ya kamata a bi kafin a taɓa aljihu.

Na farko, batir. A auna shi da mita. Lafiyayye, in mota tana kashe, ya kan nuna wajen bolt 12.6. In inji yana aiki kuwa, tsakanin 13.5 da 14.5. In bai kai haka ba, a fara da batir ko altaneta. A kankare farin gishirin nan da ke taruwa a kawunan batir, a ɗaure su tam.

Na biyu, wayar da ke tashi daga ɓangaren baƙi na batir ta kama jikin mota. Ta nan wuta ke komawa. Tsatsa da jijjigar hanyoyin ƙauye su kan sassauta ta, sai akwatin ya riƙa ruɗewa alhali lafiyarsa lau.

Na uku, fis da rile. A duba su ɗaya bayan ɗaya.

Na huɗu, a zare soket ɗin akwatin a duba haƙoransa. In an ga kore-kore ko danshi, ruwa ya shiga. Wannan ya shafi manoma ƙwarai. A gindin gilashin gaba akwai magudanar ruwa, ƙaiƙayi da ganye da ƙurar hunturu su kan toshe ta. Da ruwan Agusta ya sauka, sai ya rasa hanya, ya tsiyaya ciki kan akwatin. Har wa yau a bi wayoyi a duba cizon ɓera, domin motar da ke ɗaukar hatsi ba ta rasa ƙwaya a ƙarƙashin kujera, inda ƙwaya ta ke kuwa nan ɓera ya ke.

Na biyar, na'urar bincike. Tun 1996 doka ta wajabta wa motocin da a ke sayarwa a Amurka wata kafa mai ramuka 16 kusa da sitiyari. Turai ta bi sahu cikin 2001 ga masu fetur, da 2004 ga masu gas. Nan a ke jona na'ura ta karanta lambobin laifi. Lambar da ta fara da P ta inji ce da giya, mai B ta jikin mota ce, mai U kuwa tana nufin akwatunan sun kasa jin juna. Ƙaramar na'ura mai araha sau da yawa lambobin inji kaɗai ta ke gani, don haka a tambayi mai wayarin ko tasa tana shiga akwatin jiki. Babbar na'ura tana iya nuna ko saƙon makunni ya iso, tana kuma iya umurtar akwatin ya kunna fitila. In wuta tana zuwa masa daidai, saƙo yana isowa, wayar fita lafiya, amma bai ba da umurni ba, to, sa'an nan ne laifi ya tabbata a kansa.

In kuwa ƙorafin shan batir ne da dare, a kulle mota a bar ta kamar rabin sa'a ko fiye, akwatunan su yi barci, sa'an nan a auna wutar da ke fita. In ta wuce wajen miliamfa 50, a bi fis ɗaya ɗaya har a gano ɓarawon. Sau da yawa rediyo ne ko ƙarin fitila da aka jona ba bisa ƙa'ida ba.

In canji ya zama dole

A karanta lambar da ke jikin tsohon akwatin, a nemi mai irinta daidai. Mota iri ɗaya, shekara ɗaya, amma ta Amurka da ta Turai akwatinsu na iya bambanta. Kamannin jiki ba shaida ba ne. Araha ba ta ado: in na hannu za a saya, a yi sharaɗi da mai kaya gaban shaidu cewa in bai yi ba za a mayar.

Kafin a kwance, a kashe mota, a dakata 'yan mintoci, a cire kan batir na ɓangaren baƙi. Bayan an ɗaura, yawancin motoci sai an gabatar da sabon akwatin ga motar ta kwamfuta: a shigar masa da lambar jikin mota mai harufa da alƙaluma 17, a koya masa mabuɗai. Don haka a zo da dukan mabuɗan, kuma a tabbatar akwai mai wannan aiki tun kafin a sayi kayan. Kada a jefar da tsohon. Bayanan motar suna cikinsa, wani lokaci a kan kwashe su zuwa sabon, wani lokaci ma rile ɗaya ne ya ƙone a ciki, gwani ya canza shi. Kafin a biya kuɗin aiki, a gwada kowace fitila, da waifa, da oda, da kowace ƙofa.

Abu na ƙarshe, a kashe abin da ya kashe na farko, in ba haka ba sabon ma zai bi shi. A yashe magudanar ruwa kafin damina. A share hatsi daga cikin mota. In za a yi waldar kariya ko bodi, a cire batir tukuna. In za a tada mota da batirin wata, a lura kada a juya wayoyi. Fis kuma in ya ƙone, a sa mai lamba irin tasa, kada a ɗaura silin waya a madadinsa, domin fis mai gadi ne, ya mutu ne don akwatin ya tsira. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai kayanmu kasuwa lafiya, amin.